Muryar Madam a Hoton Tashar Jirgi

Makarantar da nake koyarwa tana kan iyakar Fagge da Sabon Gari, a wani layi da masu adaidaita sahu ke bi idan babban titi ya cushe. Gidan haya ne mai bene, aka fasa bangon wasu ɗakuna aka mayar da su azuzuwa. Yaranmu wasu daga Fagge suke zuwa, 'ya'yan 'yan kasuwar yadi da ma'aikatan gwamnati, wasu kuma daga Sabon Gari, 'ya'yan masu shagunan kayan gini da kayan wuta da teloli. Ni aji biyar nake riƙewa, kuma darasin zamantakewa ya fi kowane kwanta mini a rai. Koyarwa gado ce a gidanmu. Mahaifina ya yi ta har ya yi ritaya, abin da na koya a wurinsa kuwa shi ne allo da alli da muryar da za ta kai bencin ƙarshe. Ban taɓa jin ina bukatar wani abu bayan waɗannan ba, sai da aka ɗauko mana malamar kwamfuta.

Madam muke ce mata, malamai da yara duka. Iyayenta Ibo ne, amma a Sabon Gari aka haife ta, a nan aka haifi mahaifinta ma, kuma Hausar bakinta ta fi ta wasu 'yan uwana daɗin ji. Gajeriya ce mai saurin tafiya, ba ta iya hawa bene a hankali. 'Yarta ta fari a lokacin tana aji uku a makarantarmu, ƙaramin kuma namiji ne da bai daɗe da fara tafiya ba, tana barin sa wurin surukarta. Teburinmu ɗaya a ofishin malamai, don haka muka saba. Ita ta koya mini cin miyar agushi, ni kuma nake kawo mata dambun nama idan an yi a gidanmu.

A shekararta ta biyu mai makarantar ya sayo majigi ɗaya da kwamfutar hannu, irin mai faɗin littafi da ake sarrafawa da yatsa. Yawancinmu kallon kayan kawai muka yi. Madam ce ta zauna da su har ta gano wata manhaja da ake ɗora hoto a kanta, sannan a sanya ƙananan ɗige-ɗige a duk inda aka ga dama a jikin hoton. Idan aka taɓa ɗigo sai rubutu ya fito, ko wani hoton, ko kuma murya ta yi bayani. Da ta kwatanta mini sai na ce mata yaran da ba su gama iya riƙe biro ba, ina su ina wannan wasa. Ba ta yi gardama ba. Washegari ta miƙo mini kwamfutar, ga hoton ofishinmu a kai, da jan ɗigo a kan kujerata. Na taɓa, sai na ji muryarta tana sanar da jama'a cewa wannan kujera ba a zama a kanta, domin mai ita tana da faɗa. Na yi dariya har da hawaye, daga nan kuma ta san ta kama ni.

Darasin da ya daɗe yana ba ni wahala shi ne na sufuri da yadda jirgin ƙasa ya canza Kano. Yaran suna wucewa ta gefen tashar a adaidaita, amma kaɗan ne suka taɓa shiga, kuma zanen da ke cikin littafinsu bai yi kama da komai ba. Madam ta ce mu je mu ɗauko hoton tashar da kanmu. Wata Asabar da hantsi muka je. Muka gaishe da dattijon da ke bakin ƙofa, muka faɗa masa mu malamai ne, ya bar mu muka shiga. Ciyawa ta fito a tsakanin wasu layukan dogo, awaki suna kiwo a gindin tsofaffin taragai, wata mata tana sayar wa ma'aikata shinkafa da wake a inuwar rumfa. Madam ta yi ta ja da baya tana neman inda komai zai shiga hoto ɗaya, har ta kusa faɗawa kan tulin duwatsu. Da ta gama muka zauna a kan benci, ta nuna mini dakalin da fasinjoji ke sauka, ta ce a nan kakanta ya fara taka ƙasar Kano, yana saurayi, da akwatin ƙarfe ɗaya da kayan aikin kafinta. Ya zo da niyyar yin shekara guda, a Kano ya tsufa.

Muka raba aiki. Ni na rubuta bayanin kowane ɗigo, na layin dogo, na tarago, na tankin ruwa, na rumbun da ake tara gyaɗa kafin a yi lodi, na hanyar da ta miƙe zuwa Sabon Gari. Da aka zo ɗaukar murya na gwada sau biyu, na saurara, na ji kamar wata baƙuwa ce ke yi wa mutane faɗa, na ce ba zan iya ba. Ita ta tafi da takardun gida ta karanta su da muryarta, da Hausa sannan da Turanci. Ɗigon da ke kan dakali kuwa ba ni na rubuta shi ba. Ita ta sa shi, ta ba da labarin kakanta a ciki.

Ranar da muka fara haska hoton a bangon aji biyar ban taɓa ganin ajin ya nutsu haka ba. Yaro ya fito, ya zaɓi ɗigo, ya taɓa, muryar Madam ta cika ɗakin alhali ita tana tsaye a bayan aji ta rungume hannu tana murmushi. Wata yarinya ta juya tana kallon ta tana kallon bango, ta kasa gane yadda mutum zai yi magana bakinsa a rufe. Washegari yara suka dawo da labarai daga gida. Wannan kakansa ya yi dakon buhunan gyaɗa, waccan kakarta a jirgi aka kawo ta amarya daga kudu. Bayan haka mun yi wasu hotunan, na Kasuwar Singa, na sassan shukar masara, na taswirar jiha. Amma duk yaron da ya wuce ta ajina a wannan shekara, hoton tashar yake tunawa.

A dogon hutun ƙarshen shekara Madam ta kwanta rashin lafiya. Na ji labari a makare, domin na tafi wurin yayata a wani gari. Da na kira ta muryarta ta yi ƙasa, amma ta ce zazzaɓi ne kawai, har ta tambaye ni ko na fara rubuta bayanin hoton asibiti da muka shirya yi. Kafin in dawo Kano aka kira ni aka ce ta rasu.

Na je gidansu a Sabon Gari ni da wasu malamai biyu. Hawa na biyu ne a wani dogon gida mai ɗakuna da yawa, mata sun cika baranda suna waƙoƙin coci a hankali. Mijinta, wanda ke da shagon kayan wuta, yana zaune a kujera ya zuba wa ƙasa ido. Na rasa abin da ake faɗa a irin wannan wuri, sai na faɗi abin da na sani, na ce Allah ya ba su haƙuri, ya raya abin da ta bari. Ya amsa da amin. 'Yar tana tsaye a bakin ƙofar ɗaki da ƙaninta a goye, ta gaishe ni kamar yadda take yi a makaranta. Bayan kwanaki suka tafi da gawar can garin kakanni, wurin da Madam ba ta zuwa sai lokacin Kirsimeti, aka binne ta a can.

Da aka koma makaranta sai ga 'yar Madam a ajina, domin ta ci jarrabawar shiga aji biyar. Na zaunar da ita a benci na biyu, kusa da taga. Ba ta da surutu dama, yanzu kuma sai ta ƙara yin shiru, amma aikinta tsaf yake, kuma ba ta kuka a gaban mutane. Kwamfutar hannun ta dawo hannuna, tun da ni kaɗai na iya amfani da ita kafin a samu sabon malami. Na yi ta amfani da hotunan da babu murya a cikinsu, na taswira da na masara. Hoton tashar kuwa ko buɗe shi ban yi ba.

A zango na biyu darasin sufuri ya zo. Na je wurin shugaban makaranta na faɗa masa damuwata, ya ce in yi abin da na ga ya dace, shi ba shi da ta cewa. Na yanke shawarar komawa ga allo da alli. Amma yaran sun riga sun ji labarin hoton a wurin yayyensu, suka dame ni da tambayar yaushe za a nuna musu tashar. Sai na ga mafita: in haska hoton, in kashe sauti, duk ɗigon da aka taɓa in karanta rubutun da bakina.

Haka na yi. Yaro na farko ya taɓa layin dogo, na karanta. Na biyu ya taɓa tankin ruwa, na karanta. Ina cikin kiran na uku sai na ga yarinyar ta ɗaga hannu. Na ba ta izini, ta miƙe.

"Anti, ba a kunna sautin ba," in ji ta.

Na ce mata na sani, yau ni zan riƙa karantawa.

"A gabana ta ɗauka," ta ce. "Ni na riƙe mata takardar. Don Allah a kunna."

Yaran duka sun san wace ce mahaifiyarta, da yawansu ta koyar da su. Na dubi kwamfutar da ke hannuna, sannan na ƙara sautin, na miƙa mata. Ta fito gaban aji, ba ta yi wata-wata ba ta taɓa ɗigon da ke kan dakali. Muryar Madam ta fito daga lasifika, lafiyayya, da ɗan saurin nan nata, tana cewa a nan wani saurayi ya sauka da akwatin ƙarfe. Wata yarinya a baya ta kifa kai a kan benci. Wani yaro ɗan Fagge ya ce Allah ya ji ƙanta a hankali, sannan ya dube ni kamar yana tambaya ko ya yi daidai. Ita kuwa 'yar ta tsaya ta saurara har ƙarshe, har da na Turancin, ta miƙo mini kwamfutar da hannu biyu, ta koma wurin zamanta. Ban san yadda na ƙarasa darasin ba.

Daga ranar, idan aka fita tara sai ta tsaya a aji. Ba ta roƙo da baki, tsayawa kawai take yi a gefen teburina har in ciro kwamfutar daga jaka. Takan zauna a bencin ƙarshe ta rage sauti, ta bi ɗige-ɗigen ɗaya bayan ɗaya, wani lokaci leɓenta yana motsi tare da muryar. Ni kuma ina gyaran littattafai ina ji. Na rasa ko taimakon ta nake yi ko cutar da ita. Na tambayi mahaifiyata, ta ce in bar ta, maraya ba a hana shi abin da ya samu. Wata abokiyar aikinmu kuma ta ce ina hana ciwo warkewa. Na bar ta dai, domin ban ga bakin da zan ce mata a'a da shi ba.

Ni ma abin bai bar ni ba. Kalmomin da Madam ke faɗa nawa ne, ni na rubuta su a kan teburin cin abincinmu, sai ga shi ba na iya tuna su sai da muryarta. Idan ina bayani a aji na kai kan wata jimla, sai in ji ta riga ni faɗa a cikin kaina. Wata rana da yamma ina cikin adaidaita, cunkoso ya tsayar da mu a kusa da Singa, masu baro suna ta kutsawa da katan-katan na taliya da sabulu. Wata mata mai kaya ta shigo ta matse ni, jakata ta danne a tsakaninmu. Ashe ban rufe kwamfutar ba. Sai kawai na ji Madam daga cikin jakata tana bayanin yadda ake lodin gyaɗa. Mai adaidaitan ya waiwayo ya ce, Hajiya, ana magana a wayarki. Na ce masa na ji. Na bar ta ta yi maganarta har ta gama, matar da ke gefena tana ta kallo na.

Wajen tsakiyar zango na uku yarinyar ta kawo mini kwamfutar ta ce ɗigon tankin ruwa ya daina magana. Na taɓa, rubutu ya fito, amma murya babu, sai wani ɗan da'ira da ke ta juyawa. Na ɗauka matsalar intanet ce. Bayan 'yan kwanaki na tarago ma ya yi shiru. A lokacin an ɗauki sabon malamin kwamfuta, wani matashi mai haƙuri, na kai masa. Ya duba ya ce hoton da rubutun suna cikin manhajar, amma muryoyin Madam ta ajiye su ne a wata ma'ajiya tata ta intanet, daga can ɗige-ɗigen ke janyo su. Tun da an daɗe ba a shiga ma'ajiyar ba, ga alama an fara rufe ta. Idan ba a samu kalmar sirrinta ba, wata rana duka za su tafi, kuma shi bai san ranar ba.

Na kira mijinta na yi masa bayani. Ya ce bai san kalmar ba, wayarta kuma ta ɓace a hidimar jana'iza, layin ma an rufe. Sannan ya tambaye ni wace murya nake nufi. Ashe yarinyar ba ta taɓa faɗa masa ba. Malamin kwamfuta ya ce dabara ɗaya ta rage, a kunna kowane ɗigo a lasifika, a kanga waya a ɗauka, kamar yadda ake ɗaukar wa'azi a masallaci.

Mijin ya zo wata Juma'a bayan an tashi, lokacin da layin makarantar ya yi shiru saboda mutane sun tafi masallaci. Ya rufe shagonsa ya taho da kayan aiki a jikinsa. Mu uku ne a ajin, ni da shi da 'yarsa. Na haska hoton a bango, ya zauna a kan bencin yara, gwiwoyinsa sun kusa taɓa ƙirjinsa, ya ɗora wayarsa a gaban lasifika. Yarinyar ce ke taɓawa. Da muryar ta fara sai ya ɗago kai ya dubi ƙofa, sannan ya dawo da idonsa kan bango. Muka bi waɗanda suka rage, layin dogo, rumbun gyaɗa, hanyar Sabon Gari. Da aka zo kan dakali sai da'irar nan ta fara juyawa. Muka jira, muka sake taɓawa, muka kashe muka kunna. Labarin kakan ya riga ya tafi, kuma ko a jiyan yarinyar ta saurare shi.

Na ɗauka mun gama, sai yarinyar ta ce saura ɗaya. Ta ja hoton da yatsu biyu ya ƙara girma, ta kai can kusurwar sama, wurin da reshen wata bishiya ya shigo. Akwai wani ɗan ɗigo fari a wurin, ya saje da sararin sama, ni ban taɓa lura da shi ba. Ta ce na gwaji ne, mamanta ta manta ba ta goge ba. Ta taɓa. Aka ji ƙarar fanka da motsin kwanuka, Madam ta ce ɗaya, biyu, ana ji na, sai kukan yaro ya taso, ta juya ta yi wata magana da harshen Ibo da ƙarfi, wani namiji ya amsa daga nesa, ta yi dariya, ta ce bari in sake. Shi ke nan.

Mijin ya sa tafin hannu ya rufe fuskarsa. Ya daɗe a haka. Da ya sauke sai ya dube ni, kamar ya ga ya kamata ya yi mini bayani tun da a ajina yake.

"Cewa ta yi in sauke tukunya, miya za ta ƙone," ya ce. "Ni ne na amsa. Na ce ina zuwa."

Ya roƙi a sake kunnawa, aka sake, ya ɗauka sau biyu don kada ɗaya ta lalace. Da za su tafi ya yi mini godiya har da ɗan rusunawa, abin da ya sa na ji kunya, domin ban ga abin da na yi ba.

Kafin ƙarshen zangon sauran ɗige-ɗigen duka suka yi shiru. Malamin kwamfuta ya karɓi abin da mijin ya ɗauka ya mayar da su cikin hoton, wannan karon a ma'ajiyar makaranta. Na tankin ruwa da na tarago na daure na karanta da muryata. Na dakali kuwa yarinyar ta ce ita za ta yi, domin ta haddace shi. Ta tsaya a gaban kwamfutar ta faɗe shi tiryan-tiryan, ba ta canza ko kalma ba, har wurin da ake cewa kakana, duk da cewa ita kakan mahaifiyarta ne. Ɗigon gwajin ban mayar da shi ba, wannan nasu ne.

Har yanzu ina koyar da darasin da wannan hoton. Sai dai muryar ba kamar da take ba. Ta yi nisa, kamar daga wani ɗaki ake magana, kuma a bayanta ana jin abubuwan da wayar ta kwasa a ranar Juma'ar nan: ƙarar benci, hon ɗin wani adaidaita, da numfashin mutum a kusa, mai nauyi, yana tsayawa yana ci gaba. Yaran yanzu ba su san Madam ba. Kusan kowace shekara sai wani ya tambaye ni wane ne ke numfashi, in ce wani ne da ya zo saurare. Akwai shekarar da na yi niyyar sake ɗaukar komai da sabuwar murya mai tsabta, har na rubuta takardun, amma da na zauna sai na ga sai na fara goge tata kafin in sa wata, na rufe kwamfutar.

Yarinyar ta gama firamare ta tafi wata sakandare, na daina ganin ta. Shekaru suka wuce. Ana gab da azumin bara na shiga Singa sayen sukari da man girki, ina tsaye a bakin wani shago sai na ji an ce, Anti, ina wuni. Na juya na ga budurwa doguwa, ta fi mahaifiyarta tsawo nesa ba kusa ba, riƙe da hannun wani yaro ɗan makaranta. Sai da ta yi murmushi na gane ta. Muka koma gefe don masu baro su wuce. Ta ce tana shirin jarrabawar shiga jami'a, babansu yana nan da shagonsa, kakarsu ce ta rasu. Na tambaye ta ko muryoyin suna nan. Ta ce suna nan, an kwafe su a wayoyi uku. Ita ta daɗe ba ta saurara ba, sai ta ji ba ta bukata. Ƙaninta ne ya riƙe su. Bai tuna fuskar mamansu ba sam, tun yana ƙarami babansu ke kunna masa idan yana rigima, har ya girma da su.

Ta ce masa ya gaishe ni, wannan ce ƙawar mama da suka je tasha tare. Yaron ya gaishe ni cikin ladabi, ya tsaya yana kallo na. Sannan ya tambaye ni ko da gaske ne akwai awaki a wurin ranar da muka je, kamar yadda yayarsa ta ce ana gani a hoton, domin shi da babansa sun je ba su ga ko ɗaya ba.

Tambayar ba komai ba ce. Yadda ya yi ta ne ya sa na dafa buhun da ke kusa da ni. Saurin maganar, da yadda ya ɗan tsaya a tsakiyar jimla ya ja numfashi, da yadda ya ɗaga kalmar ƙarshe, duka nata ne. Hausar gidansu ba haka take ba, ta yayarsa ma ba haka take ba. A wurin waɗannan 'yan bayanai na layin dogo da rumbun gyaɗa ya koyi magana.

Na ce masa da gaske ne, akwai awaki, har da wata baƙa mai 'ya'ya biyu da ta bi mu tana shinshinar jakar mamansa. Ya yi dariya, ya ce in ƙara masa wani abu. Na tsaya a nan cikin hayaniyar kasuwa na ba shi labarin yadda ta kusa faɗawa kan duwatsu, da yadda take hawa bene da gudu, da yadda take cin dambun nama da cokali don kada ta ɓata takardu. Yana ji yana gyaɗa kai, yayarsa kuma ta juya tana kallon titi. Da mai shagon ya gaji da jira ya tambaye ni ko a ɗaure kayan, sai yarinyar ta ce su ma ana jiran su a gida. Na ba ta lambar wayata, na ce ta kawo shi makaranta duk ranar da suka samu sarari, akwai sauran labari. Ta ce to, za su zo.